Sunan da Hajo Ba Ta Faɗa

Radiyya dama ba mai zama wuri ɗaya ba ce, amma a makon da aka ce kowace ɗaliba ta zaɓi fanni na biyu da za ta haɗa da karatun aikin jarida, abin nata ya wuce gona da iri. Da safe za ta tashi da niyyar Ingilishi. Kafin motar jami'a ta fita daga unguwarsu ta Ƙuba, a birnin Madina, ta koma shari'a, don ta tuna wani labarin kotu da ta karanta ba ta gane kansa ba. Da la'asar kuma sai ta shigo gida tana cewa ai tarihi ne ya dace da ita. Mahaifiyarta Shafa'atu ta daina tambayarta, tunda ta lura amsar ba ta kwana.

Kowa a gidan da tasa shawarar. Yayanta Haisam, wanda ke aiki a wani kamfanin talla, ya kafe a kan abu ɗaya.

"Taswiƙ za ki ɗauka, fannin talla, khalas," in ji shi. "Ki koyi yadda ake tallata abu a intanet. Ki yi rubutu mai kyau ba wanda ya gani, me aka yi ke nan?"

Mahaifinsu Sanusi, mai warsha, wato garejin gyaran na'urar sanyaya mota, a unguwar Sultana, in an tambaye shi sai ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya koma kan shayinsa. Malamarsu kuwa, wadda duk ajin ke kira Duktura, cewa ta yi kada kowa ta zaɓi abin da ta fi so. Kowace ta duba rubutunta, inda ta ga yana yoyo, shi za ta nemi abin toshewa. Radiyya ta duba nata sama da ƙasa ba ta ga yoyo ba. To wa ya taɓa duba rubutunsa yana ɗan shekara ashirin ya ga aibi?

Ana cikin haka Duktura ta ba su aiki: kowace ta rubuta labarin mutum ɗaya da take gani kullum a gida. Radiyya ba ta yi dogon tunani ba, ta ce kakarta Hajo.

Hajo mutuniyar Damagaram ce. Tana amarya aka kawo ta Madina wurin mijinta, wanda iyayensa suka daɗe da zama a garin, kuma yau fiye da shekara sittin ba ta sake ganin gida ba. Larabcinta na kasuwa ne da na salla, sauran rayuwarta da Hausa take yi. Ɗakinta yana ƙasa, yana kallon bishiyar dabino guda da ta rage musu daga tsohuwar gonar da aka yanka aka yi gidaje. Radiyya in ta dawo daga jami'a ba ta hawa sama sai ta tsaya a ƙofar nan ta karɓi zaginta na ranar.

"Ga Balarabiyar ƙarya nan ta dawo," Hajo za ta ce. "Ƙafa kamar ta akuya, ba ta san zama ba."

Radiyya ta mayar mata da Larabci, ta kira ta tsohuwa mai ɓoye goro a ƙarƙashin filo. Haka suke hirarsu, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci, kowa na jin kowa sarai. Radiyya tana jin Hausa kamar kowane Bahaushe, bakinta ne dai ya yi nauyi da ita. Duk cikin abubuwan duniya babu wanda take so kamar wannan wasa na bakin ƙofa, ko da yake da an tambaye ta ba za ta yarda ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mata rai tun tana ƙarama. Ba ta taɓa jin Hajo ta ambaci sunan ɗanta Sanusi ba. A Madina kuwa, inda mace ke alfahari a kira ta da sunan babban ɗanta, inda Shafa'atu ke amsa Ummu Haisam tun daga nesa baki har kunne, Hajo in maƙwabta sun ce mata Ummu Sanusi sai ta zama kurma. Ƙaninsa Sabiru, mai zama a unguwar Bani Harisa, shi ne "Sabiruna", shi ake tambaya ko ya ci abinci, shi ake wa faɗa in ya rame. Sanusi in ya shiga gaishe ta sai ta juya fuska bango, ta amsa a taƙaice, ya fito. Lokacin da aka yi masa aiki a asibiti ko leƙawa ba ta yi ba.

Sai kuma maganar fura. Kowace Juma'a Hajo na dama fura da geron da ake sayo mata a shagon wani ɗan Nijar. Sabiru da hannunta take miƙa masa nasa, a kofin gilashi mai ruwan zinare. Na Sanusi kuwa a wata tsohuwar ƙwarya take zubawa, wadda ta tsage aka ɗinke, ta rufe da faifai, ta ƙwala wa Radiyya kira: "Ke, kai ma wancan." Tun Radiyya na riƙe ƙwaryar da ƙyar take wannan aike, kuma duk ranar da ta ɗauka sai ta ji tausayin ubanta. Ba ta taɓa yi masa maganar ba, tana tsoron fama masa ciwo.

Ranar hirar ta ajiye wayarta a kan tabarma tana ɗaukar murya, ta zauna kamar yadda aka koya musu, ta fara da tambayoyi masu sauƙi. Hajo ta ba ta labarin jirgin ruwa, da zafin shekarar farko, da yadda ta yi wata da watanni ba ta iya cin shinkafar mutanen nan ba. Da Radiyya ta ga hira ta yi daɗi sai ta jefa wadda ta zo dominta.

"Sitti, me ya sa ba kya kiran Abuya da sunansa?" ta tambaya, tana nufin mahaifinta.

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji Hajo.

"Kina son sa?"

"Tahi ki ba ni wuri, marar kunya."

Radiyya ta tashi, ta tabbata ta samu abin da take nema. Abu ɗaya ya rage, dalili. An koya musu labari ba ya tsayuwa sai da dalili, kuma Hajo ba ta ba ta ba, don haka ta samo shi da kanta. An haifi Sanusi a shekarar farko ta baƙunta, lokacin da Hajo ke kuka ita kaɗai ba uwa ba dangi. Lallai duk sanda ta dube shi wannan shekara take tunawa, shi ya sa ta kasa son sa. Radiyya ta rubuta wannan da Larabci mai kyau, tana rubutu tana share hawaye. Ta sa kofin gilashi, ta sa tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, ta sa asibitin da ba a je ba.

Duktura ta yaba salon, amma ta ɗora yatsa a kan sakin layi ɗaya.

"Wannan dalilin, ita ta faɗa miki?"

"Ba ta faɗa ba, Duktura, amma a fili yake."

"A fili ga wa? Ki koma ki sake tambaya kafin wani ya gani."

Radiyya ta ce to. Da ta koma gida ta nuna wa Haisam, shi kuma ya karanta ya ce wannan ai zinare ne, zunubi ne a bar shi a jaka. Ya gyara mata kanun ya zama "Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta", ya zaɓa mata lokacin da mutane suka fi duba waya, ta saka a shafinta. Kafin gari ya waye abu ya yi nisa. Mutanen da ba ta taɓa sani ba suna rubuto mata cewa sun yi kuka, wasu na yi wa uban addu'a, wasu na tsine wa taurin zuciya irin na tsofaffi. Radiyya ta kasa cin abinci don murna. Ta ce wa mahaifiyarta magana ta ƙare, taswiƙ za ta ɗauka, Haisam ya yi gaskiya. A karon farko amsarta ta kwana ta tashi ba ta sauya ba.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne labarin da ya kai Jidda da Riyad ba zai rasa hanyar ɗakin ƙasa ba. Ya shiga wayoyin dangi, ya zaga Bani Harisa, ya dawo Ƙuba. A wani taron suna na maƙwabta, mata sun cika falo, wata daga cikin masu son a ji daga bakinsu ta zauna kusa da Hajo ta ce jikarta ta zama babbar marubuciya, bari ta karanta mata. Ta karanta, tana yi tana fassarawa da Hausa, ba ta tsallake ko ƙwaryar ba. Hajo ta saurara har ƙarshe, ta nemi takalmanta, ta dawo gida ba ta ci abincin sunan ba.

Washegari Radiyya ta tsaya a ƙofar kamar kullum.

"Ya ajuza, tsohuwar nan, ina zagina na yau?"

Hajo ta gyara mayafinta, ta janye ƙafafunta daga kan tabarma kamar yadda take yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa, Ustaza. An dawo lahiya?"

Radiyya ta yi dariya tana jiran sauran, amma babu saura. Ta tsokane ta da maganar goro, Hajo ta ce Allah ya ba da sa'ar karatu. Radiyya ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa. A ɗakin girki Shafa'atu ta gaya mata abin da ya faru a gidan suna, ta ƙara da cewa ita ba ruwanta, tsakaninsu ne.

Haka aka ci gaba. Kullum Ustaza, kullum sannu da ƙoƙari. Da Hajo ta zage ta da gaske, ko ta jefe ta da takalmi, da ya fi mata sauƙi. Juma'a ta zo ba a ji motsin turmi ba, ba a dama fura ba, Sabiru ya zo ya zauna jim ya tafi yana hararar Radiyya. Radiyya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ɗauki waya ta ga masu karantawa na ƙaruwa, ta kife ta, can kuma ta sake ɗauka. A ranta tana ta kare kanta. Ƙarya ta yi? Duk abin da ta rubuta da idonta ta gani. In gaskiya ta yi wa tsohuwa ɗaci, ai aikin jarida ke nan. Ta faɗa wa kanta haka sau da yawa, amma tsoron ya ƙi tafiya, tsoron cewa wasan bakin ƙofa ya ƙare ke nan har abada.

Wanda ya fi ɗaure mata kai shi ne ubanta. Don shi ta yi, amma bai ce mata uffan ba. Da abin ya ishe ta sai ta sa Haisam ya sauke ta a Sultana da rana tsaka.

Ta same shi ya sunkuya a gaban wata mota, hannu duk baƙin mai. Ya dube ta, ya goge hannu, ya shigar da ita ƙaramin ofishinsa ya rufe ƙofa saboda ƙarar injin. Yawanci da Larabci yake yi mata magana. Yau da Hausa ya fara.

"Na karanta."

"Abuya, don kai na rubuta," ta ce da Larabci. "Shekara da shekaru ina gani ana yi maka haka, ba wanda ya ce komai."

"Ni ɗan fari ne, Radiyya."

Ta dube shi ba ta gane ba.

"A wurin su Inna, mace tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi. Wadda ta fi kunya ita ake yabo. Inna ta bar garinsu, ta bar danginta, abincinsu ma sai ta nema, wannan ne ta riƙe bai kuɓuce mata ba."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa zai gaya miki? Ai ba abin da ake zama a bayyana ba ne. Kuma ke ba ki tambaye ni ba, ita kika je kika titsiye da abin da ba za ta iya amsawa ba."

Radiyya ba ta saki ba tukuna.

"To kai bai taɓa yi maka ciwo ba?"

Ya juya kofin shayin da ke gabansa.

"Ya yi. Ina madrasa, abokaina kowa ana kiran uwarsa da sunansa. Na taɓa dawowa gida ina kuka, babana ya zaunar da ni ya gaya mini abin da na gaya miki. Ban yarda da shi ba a lokacin. Sai da na girma na fara lura da wasu abubuwa." Ya ɗaga kai. "Ƙwaryar nan da kika rubuta, mai ɗinki. Kin taɓa ganin wani ya sha a cikinta ban da ni?"

Ta yi tunani. Ba ta taɓa gani ba. Ta tuna ma ranar da Haisam ya ɗauko ta zai sha ruwa, Hajo ta bi shi da muciya har waje.

"Uwarta ce ta ba ta ranar da za ta taso. Duk abin da ta zo da shi ya ƙare, ita kaɗai ta rage. Kofin Sabiru kuwa dozin aka sayo a kasuwa." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Asibiti kuma gaskiya ne ba ta je ba. Ki tambayi uwarki ko Inna ta sa wani abu a bakinta da rana har aka sallame ni."

Radiyya ta rasa inda za ta sa idonta. Shekara nawa tana ɗaukar ƙwaryar nan da hannu biyu, ta san kowane ɗinki da ke jikinta, ta kwatanta ta a rubutu har Duktura ta yaba, amma ba ta san abin da take ɗauka ba. Kunya ta rufe ta, da haushin kanta.

"Zan goge shi yanzu."

"Goge. Amma ba maganar mutane ce ta dame ta ba. Sa'anninta duk sun san abin da ake ciki, dariya ma suka yi. Ita gani take ni na zauna na kai miki ƙararta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ranar, in na shiga gaishe ta, fuskata take kallo. Shekara sittin ba ta taɓa yi ba. Wallahi tsoro yake ba ni."

A cikin mota Radiyya ta goge rubutun. Haisam ya yi ta mita har Ƙuba, yana cewa ba a taɓa kashe abu yana tsakiyar tashe ba, wannan ai asarar suna ce. Ita kuwa ta kife wayar. Ta san gogewar ba ta maido da komai ba, wanda ya karanta ya riga ya karanta, kuma Hajo ba ta da waya balle ta ga an goge.

Ta je ɗakin ƙasa da niyyar ba da haƙuri, ta jero Larabci mai tsawo. Hajo ta saurara cikin ladabi, ta ce babu komai, Ustaza, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Radiyya ta tashi ta fito.

Ranar da za a rufe zaɓen fanni ta yi ta zagaye a barandar sashensu kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar Duktura. Ta gaya mata komai ba ta rage ba. Duktura ba ta ce ai na gaya miki ba, Radiyya kuwa ta ji daɗin hakan.

"Na ga inda nake yoyo," ta ce. "Ina ganin abu, ban san ma'anarsa a wurin masu shi ba, sai in cike da abin da ke kaina. Wane fanni ne ke toshe wannan?"

"Mafi kusa shi ne ilmul ijtima'," in ji Duktura, "nazarin yadda jama'a ke zamansu da al'adunsu. Amma kada ki ruɗi kanki. Ba zai koya miki kakarki ba, babu ita a littattafanmu. Abin da zai koya miki shi ne ki zauna ki daɗe kina kallo kafin ki ce kin gane. Kuma aikinsa bai kai na taswiƙ samuwa ba, gara ki sani tun yanzu."

Radiyya ta fito ta tsaya a baranda da waya a hannu. Ingilishi ya sake leƙo mata, taswiƙ ma ya leƙo da albashinsa. Zama a daɗe ana kallo kuwa, duk duniya babu abin da ya fi ƙarfinta kamar shi. Ta danna ilmul ijtima' da sauri kafin ranta ya sake juyawa. Ta yi tsammanin za ta ji sanyi, ba ta ji ba. Da ta koma gida Haisam ya ce ta jefar da kanta, a ƙofar ɗakin ƙasa kuma aka ce mata sannu da zuwa, Ustaza.

Ranar Juma'a da hantsi Radiyya na sama ta jiyo turmi. Ta leƙo ta taga ta ga Hajo a gindin dabino tana dakan gero ita kaɗai, ta ƙi Shafa'atu ta karɓa. Radiyya ta sauko ta tsaya nesa ko za a kira ta, ba a kira ta ba.

Bayan an sauko daga masallaci gida ya cika kamar yadda aka saba. Sabiru da matarsa Zahra da 'ya'yansu, Haisam, Shafa'atu na kai da kawo da farantan shinkafa. Sanusi na zaune a inda yake zama, can kusa da ƙofar falo. Hajo ta miƙa wa Sabiru kofinsa. Radiyya ta gyara zama, tana jiran a ce ke.

Hajo ba ta dube ta ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta fara takowa. Zahra ta yunƙura za ta taimaka, Sabiru ya riƙe ta. Tsohuwa ta ratsa tsakiyar 'ya'ya da jikoki a hankali, faifan na rawa a kan ƙwaryar, har ta tsaya a gaban babban ɗanta. Ta dube shi ido cikin ido.

"An ce ban taɓa ba ka da hannuna ba," ta ce. "An ce ban san sunanka ba. An karanta ma duniya. To ga shi, kowa shi ji."

Zufa ta karyo mata a goshi, ta zama kamar wadda aka ce ta tuɓe a kasuwa. Radiyya ta ga abin da rubutunta ya jawo, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hajo ta buɗe baki.

"Sa…"

Sanusi ya miƙe zumbur.

"Inna, don Allah kada ki faɗa."

Ta tsaya, bakinta a buɗe.

"Ban kai ƙararki wurin kowa ba, Allah ne shaidata. Yarinya ce ta ga abin da ba ta sani ba." Hawaye na bin gemunsa bai share ba. "Duk gidan nan in kin ce wancan, akwai wanda bai san ni ba ne? Ni kaɗai ke da wannan sunan. Kada ki ƙwace mini shi yanzu da na tsufa."

Ya mai da hannayensa baya, ya ƙi karɓar ƙwaryar.

"Ki ba yarinyar nan ta kawo mini, kamar kullum."

Hajo na nan tsaye da ƙwaryar a hannu. Radiyya ba ta san lokacin da ta taso ta durƙusa a gabanta ba. Larabcin da ta tanada ya gudu, kuma ta san ko ya zo ba shi ake bukata ba. Ta lalubo Hausar da ke kwance a kunnenta tun tana goye, ta fito da ita a karkace, harshe na tuntuɓe.

"Hajo, na yi laifi. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ki yafe mini."

Wani daga cikin yaran Sabiru ya ƙyalƙyale da dariya jin yadda ta furta, uwarsa ta make shi. Hajo ta sauke ido ta dubi jikarta. Sannan a hankali ta kawar da fuskarta daga kan ɗanta, ta mai da ita bango, inda ta saba ajiye ta.

"Ji Hausa kamar ana tauna tsakuwa," ta ce. "Tashi, Balarabiyar ƙarya. Kai ma wancan, kuma saura ki zubar."

Wancan ɗin yana tsaye a gaban Hajo, in ta miƙa hannu za ta taɓa rigarsa. Radiyya ta tashi ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, yatsunta a kan ɗinkin, ta juya ta miƙa wa ubanta. Ya zauna ya buɗe faifan ya fara sha, Hajo kuma ta koma wurinta tana tambayar Sabiru me ya sa ya rame haka.